Dokokin kiwon kare da fita da shi cikin jama'a a ƙasar Rano

A garuruwan kudancin jihar Kano, kamar Rurum Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Rano, ba a saba ganin mutum ya sa wa kare igiya ya fita shan iska da shi ba, kamar yadda ake gani a biranen Turai ko a wasu unguwannin Abuja da Legas. Duk da haka akwai karnuka a yankin, kuma akasarinsu a sake suke yawo tsakanin gidaje da gonaki da bakin kasuwa. Wannan ne ya sa duk lokacin da kare ya ciji yaro ko ya kashe akuyar maƙwabci, tambaya ɗaya ce ke tasowa: mene ne doka ta ɗora wa mai karen, kuma wa ke da alhakin tabbatar da an bi ta?

Amsar tana cikin dokoki iri uku da ke aiki tare a yankin, wato dokokin gwamnati, da hukuncin shari'ar Musulunci, da kuma tsarin sarautar gargajiya. Dukkansu sun haɗu a kan abu guda: duk ɓarnar da kare ya yi saboda sakacin mai shi, tana wuyan mai shi.

Matsayin kare a yankin

Rurum Sabon Gari da Rurum Tsohon Gari mazaɓu biyu ne daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Rano. Yanki ne mai duwatsu, wanda ba shi da nisa da madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Can kudu kuma akwai gandun dajin Falgore. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'in jama'a, sai kamun kifi da kuma farauta da rani.

A irin wannan wuri kare ma'aikaci ne. Mafarauci na horar da shi don bin sawun zomo da gafiya da sauran namun daji. Makiyayi na ajiye shi a ruga don ya sanar da zuwan ɓarawo cikin dare. Manomin da ke zaune a gefen gari na riƙe shi don gadin gida da rumbu, ko korar birai daga gona. Da wuya a shigar da shi ɗaki, da wuya kuma a gina masa wurin kwana na musamman. Da yawa daga cikin karnukan da ake ɗauka marasa gata ne suna da iyayen gida, sai dai da rana su suke nemar wa kansu abinci a juji da mahauta, da dare su koma gida.

Saboda haka matsalar da ke gaban yankin ta bambanta da ta manyan biranen duniya. A can ana magana ne a kan tsawon igiya da kwashe kashin kare daga titi. A nan kuwa maganar ita ce ta karen da ke yawo babu igiya, babu shaidar mai shi, kuma ba a yi masa allurar rigakafi ba.

Wa ke da ikon kafa ƙa'ida?

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yi magana kai tsaye a kan wannan batu. A Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, an ba su ikon tsara yadda za a riƙa ajiye dabbobin da ake kiwo don sha'awa ko rakiya da kuma zirga-zirgarsu, kowane iri ne. Wannan na nufin majalisar kansiloli ta Rano, ko ta Kibiya, tana da hurumin kafa dokar cikin gida da za ta wajabta rajistar karnuka, ta hana sakin su a kasuwa ko harabar makaranta, ta kuma ƙayyade tara ga wanda ya saɓa.

A matakin jiha da tarayya kuma, lafiyar dabbobi na hannun likitocin dabbobi na gwamnati. Dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a shekara ta 2022, ita ce ta ba su ikon killace dabbar da ake zargin tana ɗauke da cuta mai yaɗuwa da kuma sa ido a kan safarar dabbobi. Ciwon haukan kare na daga cikin cututtukan da wajibi ne a sanar da hukuma idan sun ɓulla.

A aikace dai, ƙarar farko ba ta zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin 'yan sanda. Gidan mai unguwa ake fara zuwa, in abin ya gagara a wuce wurin dagaci, daga nan sai hakimi. Masarautar Rano, wadda gwamnatin jihar Kano ta sake kafawa a matsayin mai daraja ta biyu a watan Yulin 2024, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, kuma ta hannun waɗannan masu sarauta ne duk wata sanarwa ta rigakafi ko gargaɗi ke isa ga jama'a.

Tsohuwar dokar karnuka

Dokar da ta shafi karnuka kai tsaye ta samo asali ne tun zamanin mulkin mallaka. An kafa ta a 1942, ta fara aiki a farkon 1943, da manufa biyu: tsara ba da lasisin ajiye kare da kuma daƙile ciwon haukan kare. Daga bisani ta shiga cikin kundin dokokin Jihar Arewa na 1963, jihohin da aka ƙirƙiro a 1967, ciki har da Kano, suka gaje ta.

Muhimman abubuwan da dokar ta tanada su ne:

A wuraren da aka ayyana cewa dokar na aiki, sai mutum ya karɓi lasisi kafin ya ajiye kare, kuma ya riƙa sabunta shi.

Ana ba shi wata lamba da zai rataya a wuyan karen, don a gane mai shi.

Jami'i na da ikon kama karen da aka samu yana yawo babu wannan lamba, a tsare shi na wasu kwanaki, idan mai shi bai fito ba hukuma ta yanke shawara a kansa.

Wanda ya ga alamun hauka a jikin karensa, wajibi ne ya ɗaure shi ya kuma sanar da hukuma ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan cutar ta ɓulla a wani yanki, hukuma na iya ayyana shi a matsayin yankin annoba, ta ba da umarnin a tsare karnuka a gida, ko a sa musu takunkumi da igiya in za a fita da su, ta kuma hana fita da su daga yankin.

Raunin dokar a yau a bayyane yake. Kuɗin lasisi da na tara da aka rubuta da kuɗin wancan zamani sun daɗe da rasa daraja. Haka kuma tsarin En'e da ke aiwatar da irin waɗannan dokoki ta hannun masu unguwanni da 'yan doka ya kau, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A ƙauyuka da dama akwai dattawan da suka shekara aru-aru suna kiwon kare ba su taɓa jin an nemi lasisi a hannunsu ba.

Laifi da diyya

Rashin aiwatar da dokar lasisi bai wanke mai kare daga tuhuma ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, da ya fara aiki a 1960, ya ɗauki sakaci da dabba a matsayin laifi. Duk wanda ya ƙi, ko ya yi sakacin, tsare dabbar da ke hannunsa yadda ya kamata, har ta zama barazana ga rai ko lafiyar mutane, ana iya gurfanar da shi a kotu ya fuskanci ɗauri ko tara. Wanda kuma ya tura karensa da gangan ya ciji wani, hukuncinsa na wanda ya yi rauni da makami ne, domin karen ya zama kayan aikinsa. Kazalika kundin ya haramta zaluntar dabbar gida, abin da ya haɗa da azabtar da kare ba gaira ba dalili.

Baya ga hukuncin laifi, wanda aka ciza na iya neman kuɗin magani da diyya a kotu. Tun bayan da jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, irin waɗannan ƙararraki tsakanin Musulmi kan je kotunan shari'a, ko da yake mafi yawansu a zauren dagaci ake sasanta su, inda mai kare kan ɗauki nauyin magani ko ya biya kuɗin akuya ko kajin da aka rasa.

Fita da kare cikin jama'a na iya zama batun zaman lafiya ma. Alal misali, a watan Agustan 2016 an kama wani ɗan kasuwa a yankin Sango Ota na jihar Ogun bayan da ya raɗa wa karensa suna Buhari, ya rubuta sunan a jikinsa, ya zaga da shi wata unguwa da 'yan Arewa ke da yawa. An tuhume shi da aikata abin da ka iya tada zaune tsaye, amma kotu ta kori ƙarar a 2017.

Abin da malaman fiƙihu suka ce

Ga al'ummar da kusan dukkanta Musulmi ce, hukuncin addini ya fi dokar gwamnati tasiri a kan yadda ake mu'amala da kare. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa. Umarnin wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin ibada da ake bi don biyayya. A nan suka bambanta da Shafi'iyya da Hanbaliyya, waɗanda ke ganin kare najasa ne.

Dangane da ajiye shi, hadisai ingantattu sun halatta kare don farauta da kiwo da gadin gona, suka kuma yi gargaɗin cewa wanda ya ajiye shi ba don ɗaya daga cikin waɗannan ba, ladansa na raguwa a kowace rana. Alƙur'ani a cikin Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kama, idan an ambaci sunan Allah. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, kuma ake karantawa a zaurukan ilimi na Kano har yau, ya hana ajiye kare a gidaje sai na gadin gona ko na kiwo ko na farauta, ya kuma nuna cewa wanda ya kashe karen da aka halatta ajiyewa sai ya biya ƙimarsa. Malamai da dama na baya sun haɗa gadin gida cikin abin da aka halatta idan akwai tsoron ɓarayi.

Abin da ya fi shafar zaman tare shi ne hukuncin kare mai cizo. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa idan aka gargaɗi mutum a kan karensa mai cizo, ya ci gaba da sakinsa, to duk ɓarnar da ya yi bayan haka shi zai biya. Wannan ne ya sa kai ƙara wurin mai unguwa tun a karon farko yake da muhimmanci, domin shi ne ke zama shaidar cewa an yi gargaɗi. A ɗaya gefen kuma, hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, hujja ce da malamai ke kafawa wajen hana jifa da azabtar da karnuka, ɗabi'ar da ke sa yara su fi kowa fuskantar cizo.

Ciwon haukan kare

Babban dalilin da ya sa ƙasashe ke kafa dokoki a kan karnuka shi ne wannan ciwo. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi, ko kuma lasar wurin da ke da rauni, sannan ta bi jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa. Galibi alamun kan bayyana ne bayan wata biyu zuwa uku, amma suna iya fitowa cikin mako guda ko su kai shekara. Da zarar sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita da dalalar yawu, kusan babu wanda ke tsira.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a nahiyoyin Afirka da Asiya. Kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. A Nijeriya an fara rubuta rahoton cutar a jikin ɗan Adam a 1912, a jikin kare kuma a 1925. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ita ce ke kan gaba wajen gwajin cutar da samar da allurar rigakafin karnuka.

Masana sun tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, yaɗuwar cutar kan tsaya. Kashe karnuka barkatai kuwa ba ya magance ta, domin wasu ne ke cike gurbin waɗanda aka kashe, kuma masu karnuka kan ɓoye nasu ko su kai su wani ƙauye. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo allura yana da kimanin wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a kuma ba mai shi takardar shaida. Ƙasar Mexico ta bi wannan hanya har WHO ta tabbatar a 2019 cewa ta shawo kan cutar da ake ɗauka daga kare. Nijeriya ma ta ƙaddamar da nata shiri na ƙasa a 2022, cikin burin duniya na kawo ƙarshen mace-macen nan da shekara ta 2030. Ranar 28 ga watan Satumba ta kowace shekara, ranar da Louis Pasteur da ya fara gwada rigakafin a jikin mutum a 1885 ya rasu, ita ce ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Idan kare ya ciji mutum

Mataki na farko shi ne a wanke raunin nan take da ruwa mai yawa da sabulu na tsawon minti 15. Daga nan a garzaya asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne, domin a fara jerin alluran rigakafi, waɗanda ake yi a ranar farko da ta 3 da ta 7, wani lokaci da ƙari bisa shawarar likita. Cizo mai zurfi, ko wanda ya samu fuska ko wuya ko hannu, na buƙatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa. Shafa toka ko barkono, ko ƙona gashin karen a sa a wurin kamar yadda ake yi a wasu ƙauyuka, ba sa kashe ƙwayar cutar.

Shi kuwa karen, idan an san mai shi kuma lafiyarsa ƙalau a ido, a ɗaure shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar malamin dabbobi. Idan an riga an kashe shi, kada a farfasa kansa ko a taɓa shi da hannu tsirara, a sanar da jami'an lafiyar dabbobi don su ɗauki samfurin ƙwaƙwalwarsa zuwa gwaji. Ba a jiran sakamakon gwaji kafin a fara allura.

Mafarauta da safarar karnuka

Lokacin da karnukan yankin suka fi fita cikin jama'a shi ne da rani, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da mafarauta ke haɗuwa a tafi daji a ƙarƙashin jagorancin sarakunan dawa. A irin wannan fita karnukan garuruwa daban-daban kan haɗu su yi faɗa, su kuma yi arba da namun daji, abin da ke sauƙaƙa yaɗuwar cuta. Dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta tsara farauta bisa lasisi, ta kuma haramta ta a gandun daji na gwamnati irin na Falgore.

Wasu mafarautan kudancin Kano kan yi tafiya mai nisa da karnukansu har kudancin ƙasar. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025, waɗanda akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne, ya sa an ƙara yin kira da a yi wa masu sana'ar rajista a ba su takardun shaida. Bugu da ƙari, akwai fataken da ke bin ƙauyukan Arewa suna sayen karnuka zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, daga can a wuce da su jihohin kudu. Duk wannan zirga-zirga na nufin cutar da ta ɓulla a wuri ɗaya na iya isa wani wuri mai nisa cikin 'yan kwanaki.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Birtaniya wajibi ne kare ya fita da abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa, kuma tun daga 2016 ake dasa wa kowane kare wata 'yar ƙaramar na'urar shaida a ƙarƙashin fata a Ingila da Scotland da Wales. A Jamus mai kare na biyan haraji na musamman ga hukumar garinsu. Masar ta kafa doka a 2023 da ta wajabta lasisi da igiya da takunkumi. A Iran 'yan sandan Tehran sun haramta yawo da kare a titi a 2019, aka faɗaɗa haramcin zuwa wasu birane a 2025. Turkiyya kuwa ta zartar da doka a 2024 da ta umarci hukumomin birane su kwashe karnukan titi zuwa wuraren tsarewa, matakin da ya jawo zanga-zanga.

A ƙasar Rano, abin da dokokin da ake da su ke nema daga mai kare bai wuce abubuwa huɗu ba: ya yi masa allura kowace shekara ya adana takardar, ya ɗaure shi idan an san yana cizo, ya riƙe shi da igiya idan zai ratsa kasuwa ko kusa da makaranta da masallaci, sannan ya sanar da mai unguwa da malamin dabbobi da zarar ya ga halinsa ya sauya. Aikin da ya rage wa ƙananan hukumomin Rano da Kibiya shi ne amfani da ikon da tsarin mulki ya ba su, tare da kai allurar rigakafin ƙauyuka da rugage kafin lokacin farauta ya kama.